Matakan Da Muka Bi Kafin a Karɓi Na'urarmu ta Ƙidayar Ƙurar Tauraro Mai Wutsiya

Lokacin da na shiga rukunin bincikenmu a jami'a a matsayin ɗalibin digirin digirgir, abin da na ɗauka shi ne aikin ƙera na'urar da za a ɗora wa kumbo bai wuce zane a kwamfuta da haɗa wayoyi da gwaji a kan tebur ba. Babu wanda ya zaunar da ni ya jera mini matakan da ke gaba, domin waɗanda na tarar sun daɗe a cikin harkar har sun manta cewa akwai lokacin da su ma ba su san komai ba. Na kwashe kusan shekara guda ina jin sunayen zaman bita da takardu da gwaje-gwaje ba tare da na san wanne ke bin wanne ba, kuma wannan duhun kai ya jawo mana asarar watanni da kuɗi. Shi ya sa na rubuta abin da ya faru daki-daki, domin duk wanda zai shiga irin wannan aiki ya san hanyar tun kafin ya ɗaga ƙafa.

Na'urar da aka ba mu ƙarama ce, ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Faranti ne na alminiyam wanda aka manna wa wasu 'yan ƙwayoyi na wani yumɓu na musamman a bayansa, irin wanda ke fitar da ɗan lantarki duk lokacin da aka buge shi. Idan ƙwayar ƙura daga tauraro mai wutsiya ta faɗa wa farantin, girgizar takan isa ga yumɓun, allon lantarki ya auna ƙarfin bugun, daga nan a ƙiyasta nauyin ƙwayar da yawan irinta. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin na'urar auna ƙura mai suna GIADA, wadda kumbon Rosetta ya ɗauka zuwa wani tauraro mai wutsiya da ake kira 67P, tana da irin wannan faranti. A makona na farko Farfesan da ke kula da aikina ya ba ni labarin kumbon Giotto, wanda ya gifta ta kusa da tauraro mai wutsiya da ake kira Halley a watan Maris na 1986, a nisan kilomita kusan 600 da gudun kilomita 68 a kowace daƙiƙa, inda ƙwayar ƙura guda ta buge shi 'yan daƙiƙoƙi kafin ya kai wuri mafi kusa, ta sa ya shiga tangaɗi, kuma kyamararsa ba ta sake aiki ba bayan giftawar. Ya ƙara da cewa Rosetta an harba shi a 2004 amma bai isa tauraron 67P ba sai a 2014, bayan ya yi barcin wata 31 a hanya. Ya ce mini, "Duk abin da ka ɗaure da hannunka, ka ɗaure shi da sanin cewa babu mai sake taɓa shi har abada." A ranar na ɗauke ta a matsayin maganar ƙarfafa gwiwa kawai, daga baya na gane cewa dukan takardu da jiran da zan ba da labarinsu daga wannan gaskiya suka fito.

Matakin farko ba a ɗakin gwaji yake ba, a kan takarda yake. Masu haɗa kumbon gaba ɗaya sukan ba kowace na'ura kasonta: nauyin da ba za ta wuce ba, wutar da za ta sha, yawan bayanan da za ta aiko, wurin da ramukan notinta za su zauna, da zafi da sanyin da za ta jure. Duk wannan yana cikin takarda ɗaya ta yarjejeniya tsakaninmu da su, wadda ɓangarorin biyu ke sa wa hannu. Kuskurena na farko shi ne na fara zane kafin a kammala sa hannu, ina dogaro da daftarin da aka turo ta imel. Bayan mako bakwai aka fitar da sigar ƙarshe, aka matsar da ramuka biyu aka kuma rage mana nauyi, sai ya zama dole in rushe zanen akwatin gaba ɗaya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma laifin ba na kowa ba ne sai na wanda ya yi aiki da takardar da ba ta da lambar siga da sa hannu. Tun daga ranar, kafin in karanta kowace takarda, shafin farko nake dubawa in ga lamba da kwanan wata da sunayen waɗanda suka amince.

Daga nan muka shiga shirin zaman bitar zane na farko. Ana tura takardu makonni kafin ranar zaman, kuma ba kaɗan ba ne: bayanin zane, lissafin nauyi da wuta, lissafin ƙarfin jiki a lokacin harbawa, lissafin zafi, tsarin gwaje-gwaje, jerin haɗurra, da jerin duk wani abu da zai shiga jikin na'urar. Masu bitar injiniyoyi ne da ba sa cikin rukuninmu. Kowannensu yana karantawa ya rubuta ƙorafinsa a fom na musamman, kowane ƙorafi da lambarsa, kuma dole a amsa kowanne a rubuce kafin a zauna. Da na buɗe jerin na ga ƙorafe-ƙorafe fiye da sittin, gabana ya faɗi, na ɗauka an yi watsi da aikin. Wata injiniya da ta girme ni a rukunin ta nuna mini cewa mafi yawansu tambayoyi ne na neman ƙarin bayani, kuma waɗanda aka yi wa alamar "babba" su ne ake tsayawa a kansu. Namu manya guda huɗu ne. Zaman ya ɗauki yini biyu, aka rufe uku, aka bar ɗaya a buɗe da wa'adin wata biyu, wato tambayar yadda gam ɗin da ke riƙe da yumɓun zai jure sauyin zafi da sanyi. Wannan gam ɗin zai sake dawo mana.

Sayen kaya shi ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne ba a koyarwa a aji. A sararin samaniya babu iska, don haka roba da gam da fenti sukan riƙa fitar da tururi a hankali, tururin ya je ya kwanta a kan madubin kyamara ko ya rikita na'urar da ke shinshinar iskar tauraro. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a gasa samfurin abu a maki 125 na ma'aunin Salsiyas har awa 24 a wurin da aka zuƙe iska, kada ya rasa fiye da kashi 1 cikin 100 na nauyinsa, kuma abin da zai daskare a kan farantin sanyi kada ya wuce kashi 0.1 cikin 100. Dalilin tsananin a fili yake ga wanda ya san labarin ROSINA, na'urar da Jami'ar Bern ta Suwizalan ta jagoranta a kan Rosetta, wadda ta gano gilaisin da fosforas, sinadaran da ake samu a jikin masu rai, a iskar 67P: shekaru bayan harbawa tana ci gaba da jin tururin da jikin kumbon kansa ke fitarwa. An kuma hana tutiya da kadmiyam, an hana tsantsar kuza a kan ƙafafun kayan lantarki saboda takan tsiro da wasu siraran gashi na ƙarfe da ke haɗa wuta. Hatta notin da ke shiga ramin da ba shi da mafita sai an huda shi ta tsakiya, domin kada iska ta maƙale a ƙarƙashinsa.

Da na kai takardar oda ofishin sayayya na jami'a, aka mayar da ni sau biyu. Karo na farko an ce kuɗin ya wuce iyakar da za a saya daga kamfani ɗaya ba tare da an kawo farashin wasu ba, alhali kamfani ɗaya ne kawai ke yin abin da takardar shaidar da muke buƙata, sai da Farfesa ya rubuta wasiƙar bayani. Karo na biyu kuma saboda kayan na cikin waɗanda ake sa wa ido wajen fitar da su daga ƙasar da ake ƙera su, don haka sai an cike takardar da ke bayyana wanda zai yi amfani da su da abin da za a yi da su, shugaban sashe ya sa hannu. Ƙaramin guntun lantarki da ake samun na kasuwa da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, irinsa mai jure radiyeshin ɗin sararin samaniya, wato haskoki marasa ganuwa da ke lalata kayan lantarki, ya ninka shi sau ɗaruruwa, kuma ba a sayar da guda ɗaya, sai an ɗauki adadin da kamfanin ya ƙayyade. Daga ranar da na fara cike fom zuwa ranar da kwalin ya iso, wata bakwai muka yi. A cikin wannan jira muka haɗa samfurin injiniya, wato kwafin na'urar da ake gwadawa a kan tebur kawai, da kayan kasuwa masu aiki iri ɗaya, muka gwada manhaja da shi, kuma da sakamakonsa muka shiga zaman bitar zane na biyu, wanda bayansa ake daskarar da zane, duk wani canji kuma sai da takardar neman izini.

Kafin a bar ni in taɓa kayan gaskiya sai da na yi horon shiga ɗakin tsafta da na kare kaya daga lantarkin jiki. Shigar tana da tsari: hular gashi da takunkumi, sannan doguwar riga, sannan takalma a kan benci mai raba ɓangaren waje da na ciki, safar hannu a ƙarshe, sai igiyar da ake ɗaurawa a wuyan hannu a haɗa ta da teburin. Ba a shiga da fensir ko takarda ta yau da kullum, domin dukansu suna zubar da ƙura. Mutum biyu ke aiki, ɗaya yana ɗaurawa ɗaya yana karanta mataki yana rubutawa. Kowane noti da ƙarfin ɗaurinsa, kuma lambar sifanar da aka ɗaure shi da ita tana shiga littafin tarihi tare da ranar da aka daidaita ta. Har yanzu ina tuna ranar da muka manna yumɓun: abokiyar aikina tana auna ɓangarori biyu na gam a kan sikeli, ni ina riƙe da agogo, muna magana ƙasa-ƙasa ta cikin takunkumi, ga ƙarar fankar tace iska a samanmu. Muka ajiye ɗan gam a gefe a matsayin shaida, muka rubuta komai, sai dai layi ɗaya na fom ɗin, inda ake rubuta ranar ƙarewar wa'adin gam, mun cike shi daga takardar oda maimakon daga jikin gwangwanin.

Gwajin girgiza ana yin sa ne a wata cibiya da ke wajen jami'armu, kuma gurbi ake nema. Na yi jinkirin nema har sai da samfurin gwaji, wato kwafin na'urar da za a yi wa gwaje-gwaje masu tsanani amma ba zai tashi ba, ya kammalu, aka ba mu rana bayan mako goma sha ɗaya. Ana biyan kuɗin cibiyar da yini ne, ko an yi gwajin ko ba a yi ba, kuma sai mun kawo farantin da za a ɗaure na'urar a kai tare da tsarin gwaji mai sa hannu. Ranar gwajin aka fara da girgiza mai taushi wadda ke hawa daga ƙasa zuwa sau 2000 a daƙiƙa, domin a ga inda jikin na'urar ke amsawa, kamar yadda ake ƙwanƙwasa tukunya a ji ko ta tsage. Daga nan aka yi babbar girgiza mai kwaikwayon tashin roka, minti biyu a kowace fuska uku, sannan a maimaita mai taushin a kwatanta. Muna bayan gilashi da toshiyar kunne, ƙarar kuwa har cikin ƙirji ake jin ta. Fuska biyu suka wuce lafiya. A ta uku, da aka ɗora zanen sakamakon girgiza mai taushi ta biyu a kan na ta farko, ƙololuwar da ke nuna inda jikin na'urar ke amsawa ta goce da fiye da kashi 5 cikin 100 da aka yarda da shi. Injiniyan cibiyar bai ce komai ba, ya nuna allon da yatsa kawai, ni kuwa na ji ƙafafuna sun yi sanyi.

Abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, a wannan lokaci ba a taɓa komai. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayin in kwance murfin in duba, amma ma'aikaciyar tabbatar da inganci ta hana, kuma ta yi daidai. Aka ɗauki hotuna, aka buɗe takardar rahoton saɓani, wadda ake cikewa idan abu ya saɓa wa ƙa'idar da aka gindaya, a cikin yinin, aka kira zaman kwamiti ta bidiyo da masu haɗa kumbon, kuma sai da suka amince da matakan kwancewa ɗaya bayan ɗaya aka buɗe na'urar a ɗakin tsafta. Ƙwayar yumɓu ɗaya ta ɗago daga farantin. Da aka bi littafin tarihi aka je ga gwangwanin, aka tarar wa'adin gam ɗin ya wuce da 'yan makonni kafin ranar da muka yi amfani da shi, domin abin da aka aiko mana tsohon rukuni ne, ba wanda ke rubuce a takardar oda ba. Ɗan gam ɗin shaida da muka ajiye ya tabbatar da haka, don bai yi taurin da ya kamata ba. Na shiga ofishin Farfesa da niyyar ba da haƙuri, ya ce in zauna, ya tambaye ni abin da zan canza a fom ɗin domin kada wani ya maimaita, muka ƙara layin da ke buƙatar hoton jikin gwangwani. Sabon gam ya ɗauki mako biyar, sabon gurbi mako tara, muka sake biyan kuɗin cibiya daga kason tafiye-tafiyenmu na shekarar, don haka ban je taron da na shirya gabatar da aikina ba. Karo na biyu na'urar ta wuce fuskoki ukun ba tare da gocewa ba.

Gwajin zafi da sanyi ya fi tsawo amma ya fi natsuwa. Ana sa na'urar a cikin wata babbar tukunyar ƙarfe, a manna mata ma'aunan zafi, a rufe, a zuƙe iska har matsinta ya yi ƙasa ƙwarai, abin da shi kaɗai ya ci mana fiye da yini. Sannan a riƙa hawa da sauka tsakanin zafi da sanyin da aka ƙayyade mana, zagaye takwas, ana tsayawa a kowane ƙarshe har zafin ya daidaita, a kunna na'urar a gwada ta, musamman a ga ko za ta tashi daga tsananin sanyi. Kusan mako biyu muka yi muna karɓa-karɓa dare da rana, domin ba a barin tukunyar ba mai tsaro. Ni aka ba daren. Da misalin ƙarfe uku, bututun ruwan naitirojin ya yi farin ƙanƙara, famfo na ta gurnani, na aika umarnin kunnawa a zagaye mafi sanyi, na zauna ina kallon allo har layin farko na bayanai ya fito. A lokacin na tuna da Philae, ƙaramin kumbon da Rosetta ya ɗauko, wanda ya sauka kan 67P ranar 12 ga Nuwamba 2014, mashinsa na kama ƙasa bai harba ba, ya yi tsalle ya faɗa inuwa, amma na'urorinsa suka yi aiki na kusan awa 60 da batirin da suka zo da shi bayan shekara goma cikin sanyi. Irin wannan dare ne wasu suka kwana domin hakan ta yiwu.

Gwajin da ke tabbatar da cewa lantarkinmu ba ya damun na'urorin maƙwabta, su ma ba sa damun mu, ya wuce cikin kwana uku ba tare da matsala ba. Wanda ya fi muhimmanci ga kimiyya shi ne daidaita ma'auni, domin na'urar da ta tsira daga roka amma ba a san ma'anar lambobinta ba, ba ta da amfani. Injinan da ke harba ƙwayoyin ƙura da gudun kilomita masu yawa a daƙiƙa kaɗan ne a duniya, akwai ɗaya a Jami'ar Kolorado da ke Boulder a Amurka, kuma ana rubuta takardar neman lokaci ne a jira a tantance. Mun samu kwana biyar a ɗaya daga cikinsu bayan jiran wata huɗu. Ƙwayoyin da injin ke iya kaiwa babban gudu ƙanana ne ƙwarai, don haka muka cike giɓin da sakin 'yan ƙwallayen ƙarfe daga tsayi sananne da kuma bugun hasken leza a ɗakinmu, muka haɗa sakamakon uku a zane ɗaya.

Sai bayan duk wannan aka ba mu izinin haɗa ainihin na'urar da za ta tashi, tare da ta ajiya, da kaya daga rukuni ɗaya da hannaye ɗaya. Ita ma ta bi girgiza da tukunya, amma da sauƙi, minti ɗaya a kowace fuska da zagaye huɗu, domin manufar a nan ita ce a kama kuskuren hannu ba tare da an gajiyar da ita ba. Aka gasa ta kwanaki domin ta fitar da sauran tururinta. Zaman miƙawa ya dogara kacokan kan kundin da ke tafiya da ita: littafin tarihi, takardun shaidar kowane abu, rahotannin gwaji, duk rahoton saɓani da shaidar rufe shi, da adadin sau nawa aka cusa kowace mahaɗar waya aka cire, domin su ma suna da iyaka. Kundin ya fi na'urar nauyi nesa ba kusa ba.

Da zan sake farawa, a watan farko zan nemi jadawalin bita da gwaje-gwaje in liƙa shi a gaban teburina, in yi lissafi daga ranar miƙawa ina komawa baya. Zan fara cike takardun sayen kayan da ke daɗewa tun ranar da aka amince da zanen farko, kuma zan je ofishin sayayya da ƙafata in tambayi abin da suke buƙata kafin in aika komai. Gurbin gwaji a nema shi tun na'urar tana kan takarda, a kuma roƙi na biyu a bayansa da 'yan makonni, a ware kuɗinsa a kasafi tun farko, domin sake gwaji abu ne da ke faruwa ga rukunoni masu ƙwarewa ma. Duk abin da za a rubuta a littafin tarihi a karanto shi daga jikin abin, ba daga wata takarda ba. Jami'in tabbatar da inganci kuwa a jawo shi kusa tun ranar farko, kada a jira sai abu ya lalace. Haka kuma ɗalibi ya tattauna da mai kula da shi tun wuri kan abin da zai zama kundin digirinsa, domin waɗannan ayyuka sun fi digiri tsawo. Kumbon Comet Interceptor, alal misali, an zaɓe shi a 2019, kuma ko bayan harba shi an tsara zai tsaya a wani wuri mai nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya yana jiran a gano tauraro mai wutsiya da zai tara. Ni kundina a kan daidaita ma'auni da gwaje-gwajen na gina shi, ba a kan ƙurar da na'urar za ta ƙirga ba.

Ranar miƙawa muka sa ta a jaka biyu masu hana lantarki, muka cika su da busasshen naitirojin, muka ɗaure ta a akwati mai alamomin da ke canza launi idan an buga shi ko an kifar da shi. Ni da abokiyar aikina muka raka ta, aka buɗe a gabanmu, aka duba alamomin, aka kunna ta na minti goma, aka sa hannu. Ta ajiyar tana nan a kabad ɗin ɗakin tsafta, ana hura mata naitirojin ba yankewa, domin idan wani abu ya taso a kumbon da ita za a gwada gyara kafin a aika umarni. Duba ma'aunin kabad ɗin da rubuta shi a littafi duk ranar Litinin yana cikin aikina, kuma na riga na fara koya wa ɗalibin da zai karɓe ni.